Yadda Na Saya Wa Kawuna Sunan Da Ke Da Mai Shi

Duk wanda ya taɓa shiga kara ranar kasuwa ya san akwai tambaya guda wadda mai hankali yake yi tun kafin ya taya. Tambayar ita ce, wa ya kawo saniyar nan, kuma wa ya san shi? Dalili kuwa, in ta tabbata ta sata ce, ranar da mai ita ya zo da shaidunsa ya nuna tsagar da ya yi mata a kunne, to, kai da ka saya ka rasa saniya, ka rasa kuɗi, wataƙila ma ka kwana biyu kana yi wa 'yan sanda bayani. Na san wannan tun ina yaro, domin a hannun kawuna na koya. Abin kunya shi ne, ranar da shi kawun nawa ya aike ni wata kasuwa wadda bai sani ba, ya dogara da ilmina, ban yi wannan tambaya ba. Labarin da zan ba mai karatu ke nan a wannan mako, domin an ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kawuna mazaunin Abaji ne, garin da matafiyi yake ratsawa a kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja, bayan ya wuce Gwagwalada da Kwali, gab da ya fita daga Yankin Babban Birnin Tarayya ya shiga Jihar Kogi. Ƙasa ce ta doya da rogo, kuma sana'ar Kawu ta dogara a kansu. Yana da injin niƙa a bayan gidansa. Yakan sayi busasshiyar doya da rogo daga ƙauyukan wajen Yaba da Pandagi, ya niƙa, ya tankaɗe, ya zuba garin alabo a ƙananan buhuna, ya sayar wa matafiya da masu kantuna. A shekarar 2016 ya fara buga wani suna a jikin buhunan, kalma guda mai daɗin faɗi wadda ba zan ambata ba saboda abin da ya biyo baya. A 2018 ya yi wa sana'ar rajista da wannan suna a Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, ya sa takardar a gilashi ya rataye ta a shagonsa. Tun daga ranar, a ganinsa da ganinmu duka, sunan ya zama nasa halak malak.

A daminar 2022 ne ɗansa, ƙanena ke nan, ya gama makarantar kimiyya da fasaha ya komo gida da shawara. Ya ce lokaci ya yi da za a buɗe wa garin shafi a intanet, yadda matan Abuja da Kaduna za su riƙa saye daga ɗakunansu a aika musu. Ga wanda bai saba ba, kowane shafi a intanet yana da sunan da ake bugawa a kai gare shi, kamar yadda gida a birni yake da lamba. Wannan suna shi ake kira domen. Ba a yin biyu iri ɗaya, wanda ya riga ka ya riga ka. Kuma ba mallaka ce ta har abada ba, haya ce ake biya shekara-shekara ga kamfanonin da aka ba izini, kuɗin bai fi Dala goma da 'yan kai ba ga mai ƙarewa da .com. Hukumar ICANN, wadda aka kafa a Amurka a 1998, ita ke tsara irin waɗannan sunaye a duniya, sa'an nan namu na gida masu ƙarewa da .ng suna hannun ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005.

Da yaron ya duba, sai ya tarar wani mutum a Legas ya riga ya kama sunan Kawu mai ƙarewa da .com, ya kuma rubuta a shafin cewa na sayarwa ne. Kawu ya buga mini waya da dare. Ya ce, "Ɗana, kai ne ka yi boko, kai ne ɗan jarida. Ni wannan kasuwa ban san ƙofarta ba. Ka shiga ka yi mana ciniki." Na ce, "Kawu, kada ka damu, an gama."

Zan yi wa kaina adalci in faɗi abin da na yi. Na tabbatar mutumin shi ke riƙe da sunan da gaske, ta hanyar sa shi ya canja rubutun shafin ina kallo. Na ƙi biya gaba ɗaya, na ba da rabi, aka mayar da sunan hannunmu, sa'an nan na cika. Na karɓi rasit. Duk wannan na yi shi ne don gudun ɗan damfara, na kuwa tsira daga damfara, har ina yaba wa kaina. Abin da ban lura da shi ba shi ne yadda mutumin ya zubar da sulusin farashinsa cikin kwana biyu ba tare da na matsa masa ba. A kara, in dillali ya yi maka irin wannan sauƙi, kakan ja da baya ka sake duban saniyar, domin ruwa ba ya tsami banza. Ni sai na ɗauka iya ciniki ne. Kawu ya sayar da bijimin da yake kiwo domin kasuwar Babbar Salla ya biya kuɗin. Bayan haka aka buga sababbin buhuna masu ɗauke da adireshin, aka sake allon shago, aka yi wa a-kori-kurarsa fenti.

A watan Fabrairu na 2023 masinja ya kawo wasiƙa Abaji daga ofishin wasu lauyoyi. Suka ce suna wakiltar wani kamfanin abinci, wanda ya yi wa wannan kalma rajista a matsayin tambarin kasuwancinsa tun shekaru da yawa kafin Kawu ya sayi injinsa. Suka ba da kwana 14 a daina amfani da sunan a buhu da allo da intanet, a kuma miƙa musu domen ɗin, in ba haka ba a haɗu a kotu. Har suka ambaci sashe na 25 na dokar laifuffukan intanet ta 2015, wanda ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko tarar da ba ta wuce Naira miliyan 5 ba, ko duka biyun, ga wanda ya kama sunan wani ko tambarinsa a intanet da gangan don ya hana mai shi amfani da shi. Ƙanena ya karanta mini wasiƙar ta waya muryarsa tana rawa. A daren nan ban runtsa ba.

Kashegari na ɗauki takardun na tafi wurin wata lauya da muka saba, wadda nakan tuntuɓa in ina rubuta labarin kotu. Ta karanta a tsanake, ta cire tabarau, ta ce, "Malam, kafin ku biya, wa ya duba muku rajistar tambura?" Na ce ai muna da takardar CAC. Ta girgiza kai ta ce, "Ba ita na tambaya ba."

Bayanin da ta yi mini shi ne zuciyar wannan magana, saboda haka zan kawo shi dalla-dalla. Suna guda ɗaya yana iya zama a rubuce a littattafai uku dabam-dabam, kuma samun shiga ɗaya ba ya ba ka haƙƙi a cikin sauran. Littafi na farko na CAC ne, wanda yake shaida cewa akwai sana'a ko kamfani mai amsa wannan suna. Na biyu shi ne rajistar tambarin kasuwanci, wadda take ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja, bisa dokar 1965 wadda ta fara aiki a 1967. Wannan littafi shi ke cewa wane ne kaɗai yake da ikon buga kalma kaza a jikin kaya iri kaza. An raba kayayyaki da ayyuka aji 45, kuma gari da shinkafa da sukari da zuma duk suna aji na 30. In ka nemi rajista, ana buga buƙatarka a mujallar ofishin, a ba jama'a wata biyu ko akwai mai ja, in an ba ka tana aiki shekara bakwai, sa'an nan ka riƙa sabuntawa duk shekara 14. Littafi na uku shi ne na domen, kuma shi ne mafi rauni, domin mai rubuta ka a ciki ba ya tambayar kowa kome. Kwamfuta ce take duba ko wurin yana fanko, in yana fanko ta karɓi kuɗinka.

Watau dai abin da mutumin Legas ya sayar mana shi ne matsayinsa a layi cikin littafi na uku. Ba shi da kome a littafi na biyu, don haka ba shi da abin da zai ba mu daga can. Mu mutanen yankin Abuja bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Tun dokar 1976 da ta kafa Babban Birnin Tarayya, ƙasar yankin duka ta koma hannun Gwamnatin Tarayya, kuma mutane da yawa sun sayi fili da takardar mai unguwa, suka yi gini, daga baya wani ya zo da takardar Minista. Shi ya sa mai wayo yake zuwa ofishin AGIS ya bincika kafin ya biya. Na sha rubuta wannan gargaɗi da hannuna a shafukan jarida, amma da abin ya zo da wata riga ban gane shi ba.

Na tambayi lauyar ko Kawu zai tafi kurkuku. Ta ce in kwantar da hankalina a kan wannan, domin sashe na 25 yana magana ne a kan wanda ya yi da gangan don ya tare wa mai haƙƙi hanya, kuma dattijon da yake niƙa garinsa shekara bakwai da zuciya ɗaya ba shi ake nufi ba. Amma ta ce kamfanin yana da hanya biyu. Ta farko ita ce tsarin sasanta rikicin domen wanda ICANN ta kafa a 1999, wanda duk mai riƙe da .com ya amince da shi ranar da ya karɓi sunan, ko ya karanta ko bai karanta ba. Ana kai ƙara ne a rubuce, galibi ga hukumar WIPO da ke Janeba a ƙasar Suwizalan, mai ƙara ya biya Dala 1,500 in alƙali guda yake so, a ba wanda ake ƙara kwana 20 ya amsa. Sai mai ƙara ya tabbatar da abu uku gaba ɗaya: sunan ya yi daidai da tambarinsa ko ya yi kama da shi har ya rikitar, mai riƙe da shi ba shi da wani haƙƙi ko halastaccen dalili, kuma ya kama shi ya yi amfani da shi da mugun nufi. In sun tabbata, a ƙwace sunan a ba mai ƙara, kuma babu wanda zai mayar maka da kuɗin da ka saya. NiRA ma tana da nata tsari makamancin wannan domin sunayen .ng. Ta ƙara da wani abu da masu saye ba su cika sani ba, cewa alƙalan wannan tsari suna ɗaukar ranar da ka saya a matsayin sabuwar rajista. Ko da sunan ya shekara ashirin a hannun mai sayarwa, daɗewarsa ba ta bin ka, niyyarka ta ranar ciniki ake dubawa.

A wannan hanya, in ji ta, muna iya yin nasara, tun da Kawu yana sayar da kaya na gaskiya da sunan tun kafin rikici. Matsalar tana hanya ta biyu, watau Babbar Kotun Tarayya, wadda ita ke sauraron shari'ar tambura. A can kyakkyawar niyya ba ta wanke mutum. Kalma ɗaya ce, kaya iri ɗaya ne, aji ɗaya ne. Dokar ta kāre wanda ya riga mai rajista fara amfani da suna bai kuma yanke ba, amma kamfanin ya riga Kawu nesa ba kusa ba. To, me za a yi da adireshi a intanet in kotu ta hana ka buga sunan a buhu? Ta tuna mini da shari'ar 1961 tsakanin Niger Chemists da Nigeria Chemists, masu sayar da magunguna a Anaca, inda kotu ta hana na biyun amfani da sunansa saboda zai sa jama'a su ɗauka na farkon ne. Wannan tun kafin a yi mafarkin intanet ke nan. Ashe matsalar Kawu ta girmi domen ɗin. Muddin yana sayarwa a bakin titin Abaji babu wanda ya gan shi, mu ne muka ɗauke shi muka ɗora a kan tsauni, muka kuma biya bijimi guda kuɗin hawa.

Da na koma ofis na shiga karatu, sai na ga waɗanda suka fi mu kuɗi da lauyoyi sun faɗa wannan rami. A 1998 wani ɗan kasuwa a Amurka mai suna Dan Parisi ya sayi madonna.com a kan Dala 20,000. Har ya je ƙasar Tunisiya ya yi wa kalmar rajistar tambari don ya kāre kansa. A watan Oktoba na 2000 alƙalan WIPO suka ƙi karɓar wannan dabara, suka ba mawaƙiya Madonna sunan, kuɗinsa suka bi ruwa. A ɗaya gefen kuma akwai Uzi Nissan, wanda Nissan sunan gidansu ne, ya kuma yi sana'a da shi a Amurka tun zamanin da ake sayar da motocin kamfanin Nissan da sunan Datsun. Ya kama nissan.com a 1994, kamfanin motocin ya kai shi kotu a 1999, aka yi kimanin shekara takwas ana fafatawa kafin ya tsira da sunansa. Shi mai gaskiya ke nan, kuma gaskiyar tasa sai da ta ci masa shekaru da dukiya. Kawu ba shi da shekara takwas na zaman kotu, ba shi ma da irin hujjar Uzi Nissan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sauƙin binciken da ban yi ba. Da na ba lauya ko wakilin da ofishin tambura ya amince da shi ɗan abin da bai kai kuɗin ƙafar bijimin nan ba, da an duba aji na 30 an gaya mana cikin 'yan kwanaki. Da na buga kalmar a intanet na wuce shafin farko, da na ga kayan kamfanin. Akwai kuma rumbun Wayback Machine, wanda yake adana hotunan shafuka na shekarun baya kyauta. Da na duba shi bayan aikin gama ya gama, sai na ga a 2021 shafin cike yake da tallace-tallacen kamfanonin gari, watau mai shi yana cin kuɗi ne da sunan wasu. Bayanan masu riƙe da domen yawanci a ɓoye suke tun 2018, sa'ad da dokar Turai ta kāre bayanan mutane ta fara aiki, don haka wajibi ne mai saye ya tambayi mai sayarwa baki da baki: yaushe ka kama, daga hannun wa, an taɓa aiko maka da wasiƙar lauya? Sa'an nan a rubuta amsarsa cikin yarjejeniya, da sharaɗin zai mayar da kuɗi in ta zama ƙarya. Ni rasit kawai na karɓa. Daga baya lauyoyin kamfanin suka shaida wa tamu cewa sun aika wa mutumin irin wannan wasiƙa wata biyu kafin ya same mu. Da na neme shi, lambarsa ta daina shiga.

Ranar Asabar na shiga mota zuwa Abaji. Ban taɓa jin tsawon hanyar nan kamar ranar ba. Na tarar da Kawu a kan tabarma a ƙofar shago, takardar CAC tana rataye bisa kansa. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa kome ban rage ba, har da cewa laifin nawa ne. Ya yi shiru har na ɗauka ba zai yi magana ba. Can ya ce, "Ɗana, in za ku buga labari a jaridarku, bakin mutum ɗaya kuke ji?" Na ce, "A'a, Kawu, sai mun ji na biyu." Ya ce, "To, ni ma abin da na aike ka ke nan." Bai ƙara kome a kai ba, ya sa aka kawo mini ruwa da abinci. Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Lauyar ta rubuta wa kamfanin amsa mai ladabi, ta nuna musu cewa babu mugun nufi. Suka yarda a miƙa musu domen ɗin, suka ba Kawu wata uku ya ƙarar da buhunan da aka riga aka buga, suka janye maganar diyya. Kawu ya zaɓi sabon suna daga laƙabin mahaifiyarsa, kakata ke nan, wadda ta yi sana'ar alabo a kasuwar garin tun kafin a haife ni. Wannan karon mun bi hanya daga farkonta: aka bincika rajistar tambura, aka shigar da buƙata a aji na 30, aka gyara takardar CAC, sa'an nan a ƙarshe muka kama sunan mai ƙarewa da .com.ng, wanda yake fanko, da kuɗin da bai kai na buhun gari biyu ba. Wasu tsofaffin masu saye sun ɓace a tsakani, domin sun nemi tsohon suna ba su gani ba, kuma sai da aka shekara kafin ciniki ya koma yadda yake.

Na so in biya kuɗin bijimin kaɗan-kaɗan daga albashina, Kawu ya ƙi. Ya ce abin da yake so shi ne in rubuta, domin yaran da suke gama makaranta suna komowa gida da irin shawarar ɗansa suna da yawa, kuma iyayensu za su sayar da abin da suke kiwo saboda sun yarda da su. Ga shi na rubuta. Wanda duk zai sayi suna a intanet, ko domin kansa ko domin wanda ya amince masa, ya fara da ofishin tambura kafin ya taya, ya tambayi mai sayarwa tarihin abin da yake sayarwa, ya kuma sa amsar a takarda. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya kiyashe mu da da-na-sani, amin.